Ni ɗan Sakkwato ne, anya zafin Iowa zai iya kayar da ni a kan keke?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Sakkwato ne amma aiki ya kawo ni Omaha a jihar Nebraska, shekara ta shida kenan ina nan. Abokan aikina su huɗu ne suka ja ra'ayina muka yi rajistar RAGBRAI, tafiyar keken nan ta kwana bakwai da ake ratsa jihar Iowa a ƙarshen watan Yuli. Na sayi keke ina fita duk ƙarshen mako, mafi nisan da na taɓa yi mil 45 ne, shi ma da sassafe. To a jadawalin akwai ranar da ta haura mil 80 kuma a tsakiyar sati take, ga abokan nawa duk sun fi ni gudu, bana so in zama ni ne ake jira kullum. Maiɗakina ta tada hankalinta wai zafi, nace mata wanda ya ga watan Afrilu a Sakkwato wane zafi kuma za a nuna masa. Dan Allah ruwa nawa zan dinga sha, me zan ci, kuma yaya zan yi in bi sahun abokaina a wannan doguwar ranar? Gwiwata ta dama tana ɗan damuna, na tanadi ibuprofen.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Bari in fara da abun da bazaka so ji ba, a wannan maganar uwargida ta fi ka gaskiya. Ba wai Sakkwato bata da zafi bane, kowa ya san yadda Afrilu da Mayu suke a can, digiri 42, 43, wani lokaci ma ya wuce. Amma sabon da jiki yake yi da zafi ba gado bane da zai zauna maka har abada, abu ne da jiki ke ginawa cikin kamar kwana 10 zuwa 14 in kana wahala a cikin zafi, jininka ya ƙaru, ka fara zufa da wuri, gishirin da ke fita a zufar ya ragu, sannan da ka daina sai ya fara zubewa cikin 'yan makonni kawai. Kai kuma shekara shida kana fita daga gida mai na'urar sanyi ka shiga mota mai ita ka sauka a ofis mai ita, ga hunturun Nebraska da ƙanƙararsa duk shekara, to jikinka na yau ba jikin yaron nan bane da ke buga ƙwallo da azahar a Mabera.

Sannan zafin ma ba iri ɗaya bane. Na bazarar Sakkwato busasshe ne, zufa na fitowa iska na shanye ta, kuma bushewar nan ita ce ke sanyaya jiki ba fitowar zufar ba. Ka tuna randar ƙasa, da bazara ruwanta sanyi ƙalau saboda tana tsattsafo iska na busarwa, amma in damina ta yi nisa iska ta cika da laima sai kaga randar jiƙe sharkaf daga waje ruwan ciki kuma babu wani sanyin kirki. Haka zaka zama a Iowa. Ita ce jihar da ta fi kowace noman masara a Amurka, a ƙarshen Yuli masarar ta wuce tsayin mutum hagu da dama tana fitar da tururin ruwa, ga danshin da iskar kudu ke kwasowa tun daga Tekun Meziko. In ma'auni ya nuna 35, wato 95 a lissafin Amurkawa, danshi kuma kashi 60, jiki ji yake kamar ana 45, kuma wannan lissafin na wanda ke zaune a inuwa ne, wanda ke tsakiyar rana sai a ƙara masa har kusan digiri 8 a kai. A 2023, lokacin da aka yi tafiya ta 50 daga Sioux City zuwa Davenport, ranakun ƙarshen satin irin wannan zafin aka sha, kuma a lokacin ne aka ci karo da dogayen ranaku na wajen mil 80 zuwa sama, daga Des Moines zuwa Tama-Toledo sannan washegari zuwa Coralville.

Akwai kuma zafin da kai da kanka kake kunnawa, wanda mutane suka fi mantawa da shi. Duk ƙarfin da ka ƙona kana taka feda, kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ne kawai ke zama tafiya, sauran duk zafi ne a cikin jikinka da dole sai ya nemi hanyar fita. A shimfiɗaɗɗiyar hanya iskar gudu na taimaka maka, amma da ka fara hawa tudu gudun ya sauko mil 5 ko 6 a awa, iska ta ɗauke, wahala ta ninku, nan ne zakaji kanka ya ɗau zafi cikin hular kwano. Kuma duk wanda ya ce maka Iowa fili ce shafe to a mota ya ratsa ta. Tuddai ne ƙanana ƙanana, hawa da gangara, hawa da gangara, ba sa ƙarewa, musamman in hanyar shekarar ta bi ta kudu ko ta tuddan yamma kusa da kogin Missouri.

Yanzu maganar abokanka, wadda a wajena ita ce babbar tambayar duk da kai ruwa ka sa a gaba. Yawancin waɗanda zafi ke kayarwa a irin wannan tafiyar ba rashin ruwa ne ya fara kama su ba, gudun wani suka ara. Mutum ya ga abokansa sun ja, kara ta hana shi cewa ku rage, kunya ta hana shi a bar shi a baya, sai ya yi awa uku yana taka abun da ya fi ƙarfinsa, da safe iska na sanyi baya jin komai, ƙarfe ɗaya na rana sai bashin ya zo gaba ɗaya. RAGBRAI ba tsere bane, babu agogo babu kofi, tun da 'yan jaridar Des Moines Register biyu, John Karras da Donald Kaul, suka fara ta a 1973 yawo ne na gani da ci da hira. A waccan ta farkon ma wanda aka fi tunawa wani dattijo ne Clarence Pickard, ɗan shekara 83, da ya hau keken mata da hularsa irin ta turawan mulki yana tafe a hankali, kuma yana cikin mutum 114 da suka kai ƙarshe. (Kayan da ya saka dai kar ka kwaikwaya, har da dogon wandon ciki na ulu a cikin wannan zafin.) Abun da zakayi shi ne tun daren ranar ku zauna ku biyar ka faɗa musu ƙarara cewa gobe da nawa gudun zan tafi, mu haɗu a gari kaza mu ci abinci, in na makara ku wuce mu haɗu a masauki. Turawan nan wallahi ba za su ɗauke shi komai ba, kai ne kawai kake ganin abun kunya ne. In da hali ɗaya daga cikinsu ya tsaya da kai ya fi, don zafi in ya taɓa ƙwaƙwalwa mai shi baya sani, na kusa da shi ne ke ganewa, in kuma babu to hanyar cike take da dubban mutane, ka samu masu tafiya daidai da kai ka shiga cikinsu ku dinga hira, kuma ka tabbata wayarka da caji. Sai dai a wasu ƙananan garuruwan sabis na toshewa saboda yawan jama'a, shi ya sa nace ku tsayar da wurin haɗuwa tun da dare, kar ku dogara da kira.

Ma'aunin gudun da ya dace da kai mai sauƙi ne, in zaka iya magana da na kusa da kai jimla cikakkiya ba ka haki to kana daidai, in sai kalma biyu biyu kake iya fitarwa ka yi yawa, sauko da giyar keken zuwa mai laushi. In kana da agogon da ke nuna bugun zuciya zakaga da rana ta take bugun ya hau da 10 ko 15 alhali gudunka bai canza ba, wannan jini ne ya rabu biyu, rabi na aiki a cinya rabi ya tafi fata neman sanyi, ba lalacewar agogo bane, kuma amsarsa ka rage gudu ba ka cije ba. Bin bayan wani kurkusa don ya tare maka iska yana rage wahala sosai, amma cikin cunkoson mutanen da baka san hannunsu ba bana ba sabon shiga shawarar ya manne da tayar kowa, ɗan taɓa birki kaɗan sai a zube mutum biyar. Ka kama dama, masu sauri su wuce ta hagunka, in zaka tsaya ka ɗaga murya ka sanar sannan ka sauka daga kan titi gaba ɗaya, ka kula da tsagar da ke tsakiyar titin kankare don tana cafke siririyar taya, layin dogo kuma ka tsallake shi a miƙe ba a karkace ba.

Lissafin lokaci shi ne makaminka. Mil 80 kusan kilomita 130 kenan, in kana yin mil 12 a awa kusan awa 7 ne a kan sirdi banda tsaye-tsaye. Rana tana fitowa wajen ƙarfe 6, asuba kuma tana shiga tun wajen huɗu da rabi, kaga mu wannan tashin ba baƙo bane a wajenmu, kayi sallah ka naɗe tanti ka miƙa jakarka ga motar kaya ka ɗan sa wani abu a ciki, da gari ya waye har kana ganin hanya ka hau, da fitila gaba da baya. Masu shirya tafiyar daga 6 na safe zuwa 6 na yamma suke kula da hanya, 'yan sanda a mararraba da motocin asibiti da masu gyara, don haka fita cikin duhu sosai ba dabara bace. Burinka kafin ƙarfe 11 ka cinye mil 45 zuwa 50. Inda mutane ke asarar wannan sanyin safiyar shi ne garin farko, kowa ya tsaya nan karin kumallo, layin abinci da layin banɗaki su cinye maka minti 40 mafi tsada a ranar. Ka wuce shi in gorunanka da ruwa, kayi karin a gari na biyu. Zafi mafi muni ba ƙarfe 12 yake ba, tsakanin 2 ne zuwa 5 na yamma, azahar kuma a can wajen ɗaya da minti ashirin take shiga, to in ta same ka da sauran mil 20 ka nemi inuwa ko wani ɗakin taro ko laburare ko ofishin 'yan kwana-kwana da suka buɗe wa mahaya, ka zauna rabin awa ko fiye jikinka ya huce, kayi sallarka, maganar ƙasaru da haɗa salloli malamai sun fi ni sani amma dai kai matafiyi ne. Daga nan ka dinga yanka sauran hanyar gari zuwa gari, kar ka dinga tunanin masauki, tunaninka garin gaba kawai.

To ruwa. Babu lamba ɗaya da ta dace da kowa, wani rabin lita yake zubarwa a awa wani lita biyu, shi ya sa nake so ka auna kanka tun yanzu. Ka hau sikeli ba kaya kafin ka fita, kayi awa ɗaya cikin zafi, ka dawo ka goge jiki ka sake hawa, duk kilo ɗaya da ya ragu lita ɗaya ce, ka haɗa da abun da ka sha a hanya, wannan ita ce zufarka a awa. Ba sai ka maido da ita duka kana tafe ba, abun da ake gudu shi ne ka rasa fiye da kashi 2 cikin 100 na nauyinka, mai kilo 80 kenan kar ya wuce kilo ɗaya da rabi da ɗan wani abu. Ga yawancin mutane a irin wannan ranar gora ɗaya a awa, wato rabin lita zuwa mililita 750, in zafi ya tsananta ta kusa lita, kurɓi kaɗan kaɗan duk minti 10 ko 15, ba ka bari sai maƙogwaro ya bushe ka ɗaga gora guda ba. Gora biyu a jikin keke, kuma duk garin da ka shiga ka cika su ko da rabi ne ya ragu.

Amma ka kiyayi ɗaya gefen, don mutanenmu in aka ce musu zafi sai su ce ai ruwa baya yawa. Yana yawa. Zufa da gishiri take fita, a tsaka-tsaki kusan giram ɗaya na sodiyam a kowace lita, wasu ma ninki biyu, su ne zakaga farin gishiri ya zana taswira a rigarsu da igiyar hular kwano. In ka yi awa takwas kana zubar da ruwan gishiri kana maye shi da zallan ruwa har ya fi abun da ka zubar, gishirin jininka zai tsinke ya sauka ƙasa da 135 a ma'aunin gwajin asibiti, sai ciwon kai, kumburin ciki, yatsu su kumbura zobe ya matse, amai, ruɗewa, in ya yi tsanani ƙwaƙwalwa ta kumbura. A gudun fanfalaki na Boston na 2002 an gwada jinin 'yan gudu 488 aka samu kashi 13 cikin 100 suna da wannan matsalar, kuma waɗanda suka fi daɗewa a hanya suna ta shan ruwa su ta fi kamawa, wato irinka kenan ba zakarun gaba ba. Abun haushin shi ne alamominta suna kama da na rashin ruwa, sai a ƙara ɗura wa mutum ruwa a ƙara masa ciwo. In kana ta fitsari fari tas duk rabin awa ga ciki ya cika yana ƙugi, dakata da ruwa ka ci abu mai gishiri. Gora ɗaya ruwa zalla, ɗaya mai gishiri. Lemukan 'yan wasa irin su Gatorade gishirinsu bai kai rabin na zufar mutum mai yawan gishiri ba, don haka ka haɗa da ƙwayoyin nan da ake jefawa a gora su narke, ko ruwan gishiri da sukari da muka sani tun a gida, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Gyaɗa mai gishiri, cincin ɗin dankali, kokwambar nan mai tsami da suke sayarwa har da ruwanta, duk suna aiki. In kana da hawan jini ko ciwon suga to wannan maganar gishiri da sukarin sai ka zauna da likitanka tukuna, musamman in cikin magungunanka akwai mai sa fitsari.

Abinci kuma kar ka jira yunwa, zafi yana kashe sha'awar ci. Ajiyar sukarin da ke cikin tsoka da hanta bata wuce ta awa ɗaya da rabi zuwa biyu in ana aiki da ƙarfi, kuma a rana ta huɗu ma ba cike take ba. Kana buƙatar giram 30 zuwa 60 na abinci mai sitaci ko sukari duk awa, ayaba ɗaya wajen 25 ce, manyan dabinon nan masu taushi guda biyu sun haura 30, burodi da man gyaɗa, kankana, dafaffiyar masara da zaka samu ko'ina. Dabino dai ka cika aljihun rigarka da shi, baya narkewa kamar cakulan. Abu ɗaya da ya shafe ka in kana kiyayewa, Iowa ce kan gaba a kiwon alade a Amurka, gasasshen namansa shi ne abincin alfahari a wannan hanyar, har ƙullin fai ɗin 'ya'yan itacen da matan coci ke sayarwa wasu da kitsensa suke murzawa, don haka ka dinga tambaya, zasu faɗa maka ba wata damuwa. Kuma ko da halal ne, nama mai maiƙo da tsakar rana ga tudu a gaba ba abokin tafiya bane, bar shi sai dare.

Sanyaya jiki daga waje yana yin abun da shan ruwa bazai yi ba. Riga mai haske mara nauyi, ka jiƙa ta duk inda ka samu famfo, yaran gari suna tsayawa bakin hanya da tiyo suna fesa wa mahaya ruwa, kar ka kauce musu. Ka zuba ƙanƙara a cikin safa ka ɗaure ka sa a wuya ta bayan riga tana narkewa tana bin bayanka. Man kariya daga rana mai lamba 30 zuwa sama ka shafa ka kuma sabunta duk awa biyu, baƙar fata ma tana ƙonewa, wuya da saman cinya da hanci da leɓe, kuma ƙonanniyar fata bata iya zufa yadda ya kamata washegari.

Yanzu ka karanta wannan da kyau ka kuma karanta wa abokanka. Akwai galabaita, jiri, tashin zuciya, ciwon kai, ƙafa ta mutu, tsikar jiki na tashi kana jin sanyi-sanyi alhali ana zafi, amma hankalinka na nan ka san sunanka ka san inda kake. Wannan sauka zakayi nan take, inuwa, kwanta ka ɗaga ƙafa, cire hula da takalmi, ruwa a jiki, kurɓi mai gishiri, in rabin awa ta wuce baka dawo daidai ba tafiyar yau ta ƙare. Sai kuma mai kisa, lokacin da zafin cikin jiki ya haura 40 ya taɓa ƙwaƙwalwa, mutum ya fara magana ba kan gado, ko faɗa ba dalili, ko keke na tangaɗi a hannunsa, ko ya faɗi. Kar a ce ai yana zufa ba komai, wanda wahala ta jawo masa wannan sau da yawa jiƙe yake sharkaf. A kira lambar gaggawa 911, amma kar a zauna jiran mota, a fara sanyaya shi a wurin, in akwai baho ko kwamin shayar da dabbobi a tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara har wuya ana riƙe da kansa, in babu a dinga kwara masa ruwan sanyi ana shimfiɗa jiƙaƙƙun tawul ana canzawa ana fifita, rabin awar farko ita ce ke raba rai da mutuwa, kuma wanda baya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa komai a baki. Ƙarfi baya hana wannan, Tom Simpson zakaran duniya ne a tseren keke, ɗan shekara 29, ya faɗi a hawan dutsen Ventoux a gasar Tour de France ranar 13 ga Yuli 1967 cikin tsananin zafi, da ƙwayar ƙara kuzari da barasa a jikinsa da suka rufe masa gargaɗin da jiki ke yi. Shi ya sa lemukan kuzarin nan na gwangwani bana so ka dogara da su in ka gaji, shayinka ko kofin safe ba laifi.

Akwai motocin da ke bin hanya suna kwashe waɗanda suka gaza da kekunansu, alamar da aka saba ita ce ka koma gefen hagu ka kifa keken tayoyi sama, in motar ta taho ka nuna babban yatsa ƙasa. Kuɗin rajistarka ne, hawanta ba faɗuwa bace. Sai dai ranar zafi cika suke yi, kana iya jira mai tsawo, don haka in kaji jikin ba daidai ba yanke shawarar a cikin gari inda akwai inuwa da ruwa da ma'aikatan lafiya, kar kace bari in gwada mil goma na gaba ka ƙare a bakin gonar masara babu ko bishiya.

Ibuprofen ɗin nan ajiye shi a gida, shi da diclofenac da danginsu. In jiki ya rasa ruwa jinin da ke zuwa ƙoda dama ya ragu, su kuma waɗannan magungunan suna ƙara matse shi, ga su da taimaka wa matsalar tsinkewar gishirin da na faɗa, ga cin ciki. In dole ne sai ka sha wani abu da dare to parasitamol daidai ƙa'ida, bayan ka ci ka sha. Sannan tambayar da baka yi ba amma dole in yi maka tunda daga gida kake, ka san jinsin jininka? Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne. Mai AS yana wasanni lafiya lau kuma ba a hana shi irin wannan tafiyar, amma in wahala mai tsanani ta haɗu da zafi da rashin ruwa haɗarin narkewar tsoka ya fi yawa a kansa, shi ya sa tun 2010 hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta sa ake duba wannan ga 'yan wasan babban rukuninta. Alamarsa daban take da ɗaurewar tsoka da aka saba, ita waccan tsokar tauri take yi kana ganinta ta dunƙule, wannan kuwa ƙafa da baya ne ke ciwo su saki su yi laushi ƙarfi ya tafi. In kaji haka tsayawa ce ba lallaɓawa ba. In kuma da yamma kaga fitsarinka ya koma kalar shayi ko koka-kola, asibiti kai tsaye a daren, ko kai AA ne. In AS ne kai ka faɗa wa abokan tafiyarka, ka rubuta a takarda ka sa a aljihu tare da lambar uwargida.

Da ka isa masauki kar ka zube a tanti, da yamma ciki kamar tanda yake, kuma gobe ma akwai hanya. Cikin awar farko ka ci abinci mai nauyi, shinkafa ko taliya da ɗan nama ko ƙwai, ka dinga sha a hankali har fitsari ya dawo ruwan ɗorawa mai haske. Cire wandon keken nan take kayi wanka, zama da jiƙaƙƙen wando shi ke kawo gogewar fata da maruru a mazauni, kuma wannan ya fi gajiya korar mutane gida. Wandon mai soso ba a sa gajeren wando a cikinsa, ka tafi da aƙalla biyu kana wankewa, ka shafa man hana gogewa ko basilin tun safe. Ƙaramar fanka mai batir a tanti zata baka barcin da zai yi maka amfani fiye da duk wani sinadari da zasu tallata maka. In kuma aka yi shelar hadari cikin dare ka bi jama'a zuwa mafakar da aka nuna, guguwar Iowa ba ta wasa bace.

Abun da ya rage shi ne mil 45 ɗinka, gaskiya bai isa ba tukuna amma akwai gyara. Kafin tafiyar ina so ka kai mil 60 zuwa 65 a rana ɗaya sannan washegari ka sake hawa kayi 35 ko 40 da gajiyar a jikinka, ko sau biyu ne, don abun da baka gwada ba shi ne tashi da ƙafa mai ciwo ka koma kan sirdi. Sati biyun ƙarshe ka dinga fita da yamma lokacin da Omaha ta ɗau zafi, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi a hankali kusan kullum, kwanakin farko ka fara da rabin awa, zafinku da danshinku kusan ɗaya ne da na maƙwabtanku tunda kogi ne kawai ya raba ku, nan ne zaka dawo da sabon da ka baro a Sakkwato, sannan kwana biyu ko uku kafin tashi ka huta. Gwiwar kuma tun yanzu ka kai keken shago su daidaita maka tsayin sirdi, in ciwon ta gaban gwiwa yake yawanci sirdin ya yi ƙasa ne ko kana taka giya mai nauyi, ka koyi juya feda da sauri a giya mai laushi kamar sau 80 zuwa 90 a minti. In bayan sati biyu da gyaran tana nan ko ta fara kumbura, a duba ta a asibiti kafin ka ɗaura jaka.